Bindigar iska mai famfo: mun gwada ta, ga abin da muka gani

Tun da hatsi ya fara ƙosawa wasiƙu suke zo mana gidan rediyo a kan ɓarnar tsuntsu da kusu da kurege. Cikin masu rubutowa akwai waɗanda suka ga wata irin bindiga hannun ƴan kasuwa, wadda ba a ɗura mata albarushi, iska kawai take sha. Suna tambaya: gaskiya ne tana kisa? Za ta kori jan-baki daga gona? Ta cancanci mutum ya sai da akuyarsa ya saye ta?

Ba mu so mu amsa muku da ka ba. Sai muka aro sabuwa dal wurin wani mai garka da ya sayo ta, muka yi kwana uku muna gwada ta a garkarsa da gindin rumbunansa. Kwana uku ba su isa a san halin abu duka ba. Amma sun isa a faɗa maka abin da ya kamata ka sani kafin ka kwance bakin aljihu.

Yadda take a hannu

Wadda muka gwada ƙirar Amurka ce. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera irinta a can su ne Benjamin da Crosman da Daisy. Tsawonta bai kai mita ɗaya ba, nauyinta kamar kilo 2 da rabi, watau kamar tiya ɗaya ta hatsi. In ka saba da bindigar toka ta maharba, wannan za ka ji ta sakayau.

Abin da take harbawa ƴar ƙwayar darma ce. Ƙirarta kamar ɗan kalangu: kai a cike, tsakiya a tsuke, gindi da rami. Girman ƙwaya iri biyu aka fi samu, milimita 4 da rabi, da milimita 5 da rabi. Ƙaramar nauyinta kamar rabin giram, babbar ta kusa giram ɗaya. Kowace bindiga da girman ƙwayarta, an rubuta shi jikin ƙarfen. Ƙwayar wannan ba ta yi wa waccan. Ana sai da su cikin ɗan gwangwani, wani 250, wani 500.

Ina ƙarfinta yake fitowa?

Ka san famfon keke. In ka toshe bakinsa da yatsa ka danna, za ka ji iska tana ture ka. In ka saki yatsan sai ta fita da ƙarfi, fus! To, dabarar ke nan, ba wani asiri.

Ƙarƙashin bututun bindigar akwai famfo. Hannunsa shi ne iccen da kake riƙewa da hagu, yana buɗewa yana rufewa kamar almakashi. Duk buɗewa da rufewa, famfon yana tura iska cikin wani ɗan ɗaki da bai fi kan yatsa ba. Ɗakin yana da ƴar ƙofa irin ta bakin tayar keke: iska ta shiga, ba ta komowa. In ka gama bugawa sai ka ja ɗan sakata baya, ka sa ƙwaya ɗaya, ka mai da sakata. Da ka ja kunama, wani ɗan ƙarfe ya bugi ƙofar, iskar nan da aka matse ta fito gaba ɗaya ta tunkuɗa ƙwayar. Cikin bututun akwai tsaga mai murɗewa wadda ke sa ƙwayar ta tafi tana juyi kamar mazari, shi ya sa take tafiya sak.

Ka ga ke nan ƙarfin bindigar ƙarfin damtsenka ne ka tara mata. Bugu 3, harbi mai sauƙi. Bugu 8, cikakken ƙarfi. Takardar da ta zo da ita ta ce kada a wuce 8. Waɗansu irin nata 10 ne iyakarsu. Mutane suna zaton in sun ƙara bugu ƙarfi zai ƙaru. Ba haka ba ne. Iska in ta yi yawa sai ta danne ƙofar, ɗan ƙarfen ya kasa buɗe ta sosai, harbin ya fito da rauni, robobin ciki kuma su lalace.

Kada ka rikita ta da ƴan uwanta biyu. Akwai mai karyewa, wadda ake lanƙwasa bututunta sau ɗaya a ɗana. Ita ƙarfe mai tsalle ne a cikinta, tana zabura a kafaɗa in an harba. Akwai kuma mai tulun iska, wadda ake cikawa da wani dogon famfo dabam da ake takawa da ƙafa. Matsin iskar da ke cikin tulunta ya ninka na tayar mota kamar sau 100. Tana harbi da yawa kafin a sake cikawa, amma ta fi tsada nesa ba kusa ba, famfon keke kuma ba ya cika ta. Wanda ya samu irinta, kada ya kuskura ya kai ta wurin masu walda su cika masa da iskarsu. Iskar walda in ta haɗu da mai cikin matsi, wuta take kamawa, tulun ya fashe.

Af, kada ka ɗauka sabuwar dabara ce. Wajen shekarar 1780 sojan ƙasar Ostiriya, can Turai, sun riƙe bindigar iska ƙirar wani maƙeri mai suna Girandoni. Sai an yi wa tulunta bugu kamar 1.500 kafin a samu harbi kamar 30. Daga baya suka bar ta, don wuyar cikawa da wuyar gyara. Waɗannan matsaloli biyu har yau suna nan tare da jikokinta, sai dai sun ragu.

Wajen harbi

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne rashin ƙara. Ba hayaƙi, ba wari, ba ta zabura. Sai ka ji tas, shi ke nan. Tumakin da ke ɗaure kusa ko kai ba su ɗaga ba. Famfon ne ma mai surutu: duk rufewa sai ya yi ƙwas, ƙwas. Kurege mai kunne ne, in ka tsaya bugawa gabansa ya tafi. Dole ka buga tun daga nesa, ka lallaɓo.

Bugu na ɗaya da na biyu da na uku, yaro ma ya iya. Daga na biyar sai ka ji hannun ya yi tauri. Na bakwai da na takwas sai ka sa ƙarfi na gaske. Ranar farko ɗaya daga cikinmu ya bar yatsa tsakanin hannun famfo da ƙarfe, ya rufe a kansa. Har yanzu farcen baƙi ne. Ka riƙe iccen da tafin hannu a buɗe lokacin rufewa.

Mun kafa gwangwanin tumatir bisa tudun yashi, muka ja baya taki 15. Bayan an daidaita saiti, kusan duk harbi sai ya faɗi. Saitin ɗan tsini ne a baki, da ƴar tsaga a baya. Ka sa tsinin tsakiyar tsagar, ka ɗora abin harbi bisa kansa. A nan kam ta burge mu, ɗanƙo ba ya kama ƙafarta. A taki 25 ana samu, in hannu bai yi rawa ba. Daga taki 40 sai sa'a.

Ga dalili. Da cikakken bugu ƙwayar tana fita da gudun kamar mita 200 a daƙiƙa ɗaya. Gudu ne ƙwarai, amma tun daga bakin bindiga ƙasa take janta. A mita 20 ta riga ta sauka kamar faɗin yatsa uku. A mita 40 ta sauka fiye da taƙi ɗaya. Ga ta kuma ba nauyi, iskar hunturu tana karkatar da ita. Wani abu kuma da muka lura: in ka daidaita saiti da bugu 6, to ka tsaya a 6 kullum. Ka yi 4 yanzu, 8 an jima, ƙwaya ba za ta sauka wuri ɗaya ba.

Maganar jan-baki

Nan ne za mu ɓata wa waɗansu rai. Wanda zai sayi bindigar nan don jan-baki ko buwa, ya bar akuyarsa a turke.

Mu yi lissafi tare, ka ɗauki alli. Masana sun ƙiyasta jan-baki ɗaya yana cin hatsi ko ɓata shi kamar giram 10 a yini. Garke mai tsuntsu 10.000, wanda a wurin jan-baki ƙaramin garke ne, zai ci kilo 100 a yini, buhu guda ke nan, tiya 40. To, kai fa? Kafin ka buga famfo sau 8, ka ja sakata, ka sa ƙwaya, ka auna, rabin minti ya wuce. A awa ɗaya harbi 120, in ba ka huta ba. Bugun famfo 960 ke nan, kafaɗarka za ta ba ka labari. A ce kai gwani ne, rabin harbin ya samu: tsuntsu 60. Abin da tsuntsu 60 suke ci a yini giram 600 ne, ko rubu'in tiya bai kai ba. Gwangwanin ƙwaya 500 kuwa ya ƙare cikin awa 4 da ƴan mintoci. Sauran tsuntsu suna nan suna ci. Ga shi ba ta da ƙarar da za ta razana su. Yaro mai majajjawa da igiyar gwangwanaye ya fi ta amfani a nan, don shi korarsu yake yi, ba ƙirga su ba.

Jan-baki ba abokin faɗan mutum ɗaya ba ne. Shi ya sa tun 1965 ƙasashenmu na Afirka ta Yamma suka haɗu suka kafa ƙungiyar OCLALAV don yaƙi da fara da tsuntsu. A makwancinsa ake samunsa, cikin ƙaya ko cikin geron tsuntsu na bakin ruwa, inda yake taruwa da dare. In kun ga inda garke yake kwana ko yake sheƙa, ku gaya wa malamin gona ya kai labari ma'aikatar kare tsirrai da sauri. Abin da ke hannunku kuwa kun san shi: gari ya yi shuka lokaci ɗaya don kada gonar mutum ɗaya ta nuna ita kaɗai tsuntsu ya taru a kanta, a yanke da zarar ya ƙosa, kada a bar shi tsaye, inda tsuntsu ya matsa, a nemi irin hatsi mai gashi a zangarniya.

Inda take da rana

Amfaninta yana wurin ɓarawo mai zuwa shi kaɗai, kusa, kuma yana tsayawa. Kuregen da ke tone gyaɗa bayan shuka. Gafiyar da ta addabi rogo da dankali a garka. Hasbiya da kurciya masu sauka masussuka. Kusun da ke hawa rumbu da magariba. Masu noman rani irin na Jiratawa da Kwanni da Mirya, waɗanda garkarsu ƙarama ce kuma kowane kwami kuɗi ne, su za su fi morar ta. Mai garkar da ya ara mana, a gabanmu ya kashe kurege biyu da suka daɗe suna yi masa ta'adi, daga inuwar mangwaro, yana zaune.

Ta fi guba ta wannan fuska: guba ba ta zaɓe. Kaza ta ci, kyanwa ta ci kusun da ya ci, yaro mai rarrafe ya tsinta. Ƙwayar bindiga kuwa inda ka auna take zuwa. Amma ka auna kai, kuma daga kusa, da cikakken bugu. Dabbar da aka ji wa rauni ta shiga rami ta mutu da wahala, wannan ba gwaninta ba ce, zalunci ne. Kare da dila da biri sun fi ƙarfinta, raunata su kawai za ka yi. Awakin maƙwabci da suka shiga gona kuwa, kada Shaiɗan ya kai hannunka. Ƙwayar tana huda fata ta zauna cikin nama, ka jawo wa kanka shari'a gaban maigari.

Ko ga kusu ma kada ka dogara da ita ita kaɗai. Kusu cikinta mako 3 ne, haihuwa ɗaya ɗiya 6, 8, wani iri har fiye da 10. Dattawa suna tune da 1986 da 1987, lokacin da kusu ya yi ambaliya a ƙasashen Sahel bayan fari, yana tone iri tun daren shuka. Irin wannan ba a gama shi da ƙwaya ɗaya ɗaya. Share gindin rumbu, ɗaga shi bisa duwatsu, toshe ramu, tarko, kyanwa: su ne tushe. Bindiga ƙari ce. Kusun da ka kashe, ɗauke shi da icce ko shebur ka binne. Akwai irinsa mai ɗauke da zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a garin Lasa na ƙasar Barno a 1969. Kada yara su gasa shi.

Sai wata magana da ta dame mu. Mutum in ya riƙi sabuwar bindiga, duk abin da ya gifta sai ya ji yana son gwadawa. Belbela da shamuwa suna cin fara da tsutsa a gonarka, kyauta. Ungulu tana share mushe, ga shi ta yi ƙaranci a garuruwanmu. Mujiya kuwa, mun san abin da ake faɗi a kanta, amma mu faɗi gaskiya: gidan mujiya ɗaya, uwa da uba da ɗiya, yana cin kusu fiye da 1.000 a shekara. Ba maharbin da zai yi maka wannan aiki. Wanda ya harbe mujiya, kusu ya yi wa alheri.

Ba abin wasan yara ba ce

Don ba ta da ƙara, mutane suna raina ta. A ƙasashen da ta yawaita, yara da yawa sun rasa ido ta dalilinta, akwai kuma waɗanda suka mutu da ƙwayar ta same su a kai ko a wuya ko a ƙirji. In an harba ta sama, ƙwayar tana iya tafiya mita 300 ko fiye. Zana da dannin kara ba sa tare ta. Kafin ka ja kunama, ka dubi abin da ke bayan abin da kake auna: wa ke bayan zanar? Wa ke tsugune cikin hatsi? In ta bugi dutse ko ƙarfe ko fuskar ruwa tana iya karkacewa, har ta komo kanka. Akwai waɗansu ƙwayoyi na ƙarfe, kewayayyu kamar na cikin gargaren keke. Su suka fi komowa, kuma suna cinye tsagar cikin bututun da ba don su aka yi shi ba.

Ba a gane mai ƙwaya da marar ƙwaya da ido. Saboda haka kullum ka ɗauka a ɗure take. Kada ka nuna wa mutum bakinta ko da wasa. Tana da ɗan makulli kusa da kunama, ka bar shi a rufe sai lokacin harbi, amma kada ka amince masa gaba ɗaya. A gida, bindiga wuri ɗaya, gwangwanin ƙwaya wuri dabam, duka inda hannun yaro ba ya kai.

Ƙwayar kanta guba ce, don darma ce. Mun ga mai garka yana ajiye ƙwaya a baki don ya yi saurin ɗurawa, muka hana shi. Darma tana taruwa cikin jini, ta fi yi wa ƙananan yara da mata masu ciki illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. A 2010, can Zamfara, ƙurar darma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Ka wanke hannu bayan harbi, kafin ka ci goro ko tuwo. Naman da ka harbo, ka cire ƙwayar da naman da ke kewaye da ita kafin ya shiga tukunya.

Kula da ita

Abokan gabarta biyu ne a ƙasarmu: ƙura da bushewa. Ka tuna fatar famfon keke in ta bushe da hunturu, sai ka yi ta bugu ba iska. Haka wannan. In ka buɗe hannun famfo za ka hango kan famfon, roba ce ko wani abu mai laushi. Ɗigo 2 ko 3 na mai bayan kowane harbi ɗari biyu ko uku ya isa, ko in ka ji bugu ya yi sako-sako. Mai nata na musamman ya fi. In babu, man inji sabo mai tsabta, ba wanda aka juye daga mota ba. Ban da esansi, ban da gazuwal, ban da man birki, suna cin roba. Ban da man gyaɗa, yana daskarewa ya yi danƙo ya kama ƙura. Irin wadda muka gwada, ana ajiye ta da bugu ɗaya a ciki, ba ƙwaya, don iskar ta riƙe ƙofar a rufe ƙura kada ta shiga. Ka sa a karanta maka takardar taka ka ji ko haka take. Ka naɗe ta cikin tsumma, kada ka jingina bakinta cikin yashi, kada ka bar ta cikin rana.

Robobin nan dai wata rana za su mutu. Kafin ka biya, ka tambayi mai sayarwa: ina ake samun robobinta? Ina ake samun ƙwaya daidai girmanta? In amsarsa ita ce sai an aika ƙasar waje, ka sani ranar da gwangwani ya ƙare, sanda ka saya. A gabansa ka buga mata iska, ka kara kunne. In ka ji tana tsiyayar da iska, sss, ka mayar masa. Ƙwayar da aka harba ta lanƙwashe, ba a sake ta. Tsakuwa da guntun ƙusa da ƙwayar dawa ba sa maye gurbinta, bututun kawai za su toshe.

Hukuma

Farauta tana da doka a Nijar, wadda aka kafa a 1998, da lokacinta da takardarta da dabbobin da aka hana taɓawa. Kafin ka saya, ka je wurin ma'aikatan gandun daji da jandarmomi, ka gaya musu irin bindigar da aikin da za ka yi da ita, su faɗa maka takardar da ake bukata. Ka sanar da maigari. Wannan ba tsoro ba ne. Tun 2019 dubban mutane suka gudo jihar Maradi daga Zamfara da Sakkwato da Katsina saboda ƴan bindiga. Sojan da ke sintiri, in ya hango mutum cikin daji da abu a kafaɗa, daga nesa ba ya bambanta ta iska da ta wuta. Kada ka fita da ita da dare, kada ka hau babur da ita a rataye, kada ka kai ta kasuwa.

Kuɗinta kuwa yana canzawa daga gari zuwa gari, sai ka yi naka lissafi da damin hatsi. Bara dami nawa kurege da gafiya da kusu suka ci maka, ban da tsuntsu? Bindigar da gwangwani biyu na ƙwaya dami nawa ne? In ɓarnar ba ta kai ba, tarko ya ishe ka. In garkunanku suna jere, mutum huɗu ko biyar ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya, a ba wani dattijo mai natsuwa ya riƙe, shi ke ajiye ƙwaya, shi ke sa mai. Za mu koma wurin mai garkar nan bayan hunturu mu ga yadda robobinta suka yi da ƙura, mu kawo muku labari.